Wayar da Za Ta Bi ta Barandar Likita

Kwana tara Farfesa ya yi yana zaɓen intanet ɗin da za a saka a gida. Ba farfesa ba ne, malamin sakandare ne mai ritaya, amma a gidansa ko tsintsiya ba a saye sai ya yi nazari. Ya baje takardun tallan kamfanoni uku a kan teburin cin abinci, kowanne na rantsuwa shi ya fi sauri.

Ranar Alhamis kuwa 'yarsa Auta za ta yi intabiyu ta bidiyo, kan aikin da ta shekara biyu tana nema. Wayarta ba ta kama sabis sai a tagar kicin, can ma sai ta ga dama.

"Baba, yau Talata fa."

"Na sani. Ina kwatantawa ne."

"Kwatancen za su ɗauka aiki, ko ni?"

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, sannan ya kira kamfani na biyu. Ma'aikacinsu ya zo da rana, ya leƙa ta taga.

"Akwatinmu yana saman bene, ranka ya daɗe. Dole wayar intanet ɗin ta biyo ta barandar maƙwabcinku na sama. A nemo izininsa."

Maƙwabcin likitan haƙori ne. Shekara uku ba sa gaisawa, tun ranar da ruwan shukokinsa ya jiƙa shanyar Farfesa, shi kuma Farfesa ya aika masa wasiƙa mai shafi huɗu.

"Babu wata hanya?"

"Akwai. Ku sake gida."

Matar Farfesa ta miƙo masa hula. "Malam, hawa ɗaya ne. Ba a taɓa jin ya kashe kowa ba."

Sau biyu yana juyowa daga tsakiyar matakala. A na uku ya ƙwanƙwasa. Likita ya saurare shi a tsaye, bai ce ya shigo ba.

"Su ja wayarsu. Amma ka san ba sa haɗawa cikin kwana biyu? Ni mako guda suka yi mini."

Farfesa bai sani ba. Babu takardar da ta faɗi haka.

"Turo yarinyar ta yi intabiyun a falona," in ji Likita. "Ita ba ta taɓa rubuto mini komai ba."

Ranar Alhamis da hantsi Auta ta hau da kwamfutarta. Farfesa ya yi ta safa da marwa, idonsa a silin. Ya ji an ja kujera. Ya buɗe firij, ya rufe, bai ɗauki komai ba.

Bayan minti arba'in ta sauko da gudu.

"Sun ɗauke ni, Baba! Amma daga gida ake aikin. Sun ce in tabbatar da intanet mai ƙarfi kafin farkon wata."

Farfesa ya gyara murya zai soma bayani. Matarsa ta riga ta kira kamfanin, tana ba su ranar zuwa.