Saƙon Fada

Bayan sallar isha'i ne Malam Kalilu ya ji wata ƙara a jikin bango, ƙas, ƙas, ƙas, sai ta tsaya, sai ta dawo. Ya ce ɓera ne. Matarsa Hussaina ta ce ita ba ta taɓa jin ɓeran da ya iya ƙirga uku ba.

Da ya zagaya gidan maƙwabcinsa, sai ya tarar da Baba Istifanus, tsohon ma'aikacin jinya ɗan Malumfashi da ya shekara talatin a Daura, kwance a tabarma yana bugun bango da ɗan gicciyen da ke jikin carbinsa. 'Yarsa tana Kano, sai gobe za ta iso.

"Maƙwabci," in ji tsohon, muryarsa kamar daga cikin rijiya, "tafiya ta zo. Je ka gaya wa Fada. Kada in wuce ba a shafe ni ba."

Kalilu bai tsaya tambaya ba. Mutumin Daura in aka ce fada, wuri ɗaya ya sani. Ya buga babur, yana tafe yana mamakin ashe shekarun nan da mutumin sarki yake raba bango.

A ƙofar fada ya sami wani dogari, Zailani, yana shan shayi.

"Yallaɓai, maƙwabcina ne rai a hannun Allah, ya ce a sanar da fada."

"Wace sarauta yake riƙe da ita?"

"Allura dai yake yi a da. Istifanus sunansa. Wai a zo a shafe shi."

Zailani ya fara dariya, sai kuma ya haɗiye ta, ya ajiye kofin. "Baba, ka yi ɓatan kai. Fadansu mutum ne, limamin cocin Katolika. Istifanus ɗin nan shi ya kwana a kan ɗana lokacin ƙyanda. Juya babur, na san gidan Fadan."

Kalilu bai taɓa gudu irin na ranar ba, yana roƙon Allah Ya sa kada wautarsa ta ci wa tsohon lokaci.

Suka ɗauko Fada, suka sami Baba Istifanus da sauran numfashi. Fada, wani siririn mutum mai 'yar jaka, ya ce a ba su wuri tukuna, tsohon zai furta zunubansa. Sannan ya kira su ciki. Ya tsoma babban yatsa a kwalbar mai, ya shafa masa a goshi da tafin hannu yana addu'a. Daga nan ya ciro wani farin abu, siriri kamar ɓawon albasa, ya sa masa a harshe.

"Wannan jibin Ubangiji ne," ya ce wa Kalilu a hankali. "In ya zama na ƙarshe, guzuri muke ce masa."

Fuskar Baba Istifanus ta saki. Ya lalubo hannun Kalilu ya riƙe.

"Sai da na fara zuwa gidan sarki," in ji Kalilu, cikin kunya.

Tsohon ya yi murmushi. "Ai ka dawo. Na gode, maƙwabci. Alherin Allah ya ishe ni."

Ya lumshe ido, numfashinsa na tafiya sannu sannu. Hussaina, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ta dubi Fada, ta dubi mijinta.

"To wannan ɗan guzurin, zai kai shi har can?"