Hitar da Aka Kawo Daga Maraɗi

Da na haifi Salmatu, mijina Lawwali ya ce bana ba zai sayi itacen wankan jego ba. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shigo masa, ga gidan da kwastam suka ba mu a Jibiya da wutar inji. Wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, mai suna Ummaru ya kawo masa hita daga Maraɗi, fara tas, ya rantse sabuwa ce fil daga Faransa. Aka maƙala ta a bangon banɗaki. Bayan bangon nan kuwa gadona ne, nan jaririyar take kwana.

Gwaggo Barira ta zo daga Daddara don ta yi mini wanka. Da farko ta raina abin, amma da ta ga ruwa na zuba da tiriri ba hayaƙi ba hura wuta, sai ta koma yabo. Safe da yamma ake kunna ta, sai ruwan ya kai inda hannu ba ya shiga, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ƙarfen yana warin ɗanyen fenti. In ya ɗauki zafi sai ya riƙa ƙugi, kamar ana gara tsakuwa a ciki. Sannan ruwan ya fara zuwa ja-ja. Na nuna wa Gwaggo.

"Ganye ne ya rina shi," in ji ta.

"Gwaggo, ai ba ki sa ganyen ba tukuna."

"To ƙarfin ruwan ne. Ke dai tsuguna kada sanyi shi shige ki."

Wata safiya bayan wanka na ɗaga kai na dubi gindin hitar. Na sa farce na kankare fentin, sai ga shi ya ɓaro kamar ɓawon gyaɗa, ƙarƙashinsa tsatsa ce jiƙe. A gefe akwai wani ɗan bututu da a da yake ɗiga in ruwa ya tafasa. Yanzu an toshe shi da tsinke da tsumma, an ɗaure tam.

"Ni na toshe," Gwaggo ta ce da alfahari. "Ta nan zafin ke gudu. Tun da na rufe shi ruwan ya fi kama jiki."

Ban san aikin bututun ba, amma na san abin da tukunya ke yi in an danne murfinta a kan wuta. Na kashe makunnin, na ɗauke Salmatu na kai ta ɗakin Gwaggo, na aika aka aro mini garwa da itace a maƙwabta.

Da Lawwali ya dawo cin abinci ya ga hayaƙi a tsakar gida, ransa ya ɓaci.

"Abokan aikina duk sun san na sa miki hita. Yanzu su ga hayaƙi su ce me?"

"Malam, tsohuwa ce aka yi wa fenti."

"Ummaru ya rantse mini."

"To a kira shi ya duba ta. In ya ce lafiya, shi ke nan."

Sai la'asar aka samo shi a layin motocin da ke jiran duwan, wato binciken kwastam. Ya shigo yana dariya, yana ta kirari da guntun Faransancinsa.

"Mushe Lawwali, uwargida ce ke tsoron kayan Nasara? Wagga hita ko gidan kwamanda ba a samun irinta!"

Ina bayan labule. Tun kafin ya iso na sake kunna ta, ta soma ƙuginta.

"Sannu da zuwa, Malam Ummaru," na ce. "Shiga ka saurara mana, mu ba mu san kanta ba."

Ya leƙa daga bakin ƙofar banɗakin. Fuskarsa ba ta canza ba, don haka ƙafafunsa nake kallo ta ƙasan labulen. Ya ɗaga ɗaya zai shiga, idonsa ya kai ga tsumman, sai ya mayar da ita, ya ja da baya har ya taka butar alwala.

"Wa ya ɗaure wancan? Ku kashe ta! Ku kashe ta maza!"

"Ba sabuwa ba ce?" na tambaya. "Shiga mana ka kwance."

"Madam, sabuwa ma ba a yi mata haka, balle..."

"Balle me?" in ji Lawwali.

Ummaru ya sosa ƙeya, ya ce a wani tsohon masaukin Turawa aka cire ta, amma wallahi mai fentin ya ce da sauran ƙarfinta.

Lawwali ne ya kashe wutar da kansa. Da ta huce suka sauke ta su biyu, suka fito da ita tsakar gida. Suna kifa ta, laka ja ta kwararo, gindin ya burma inda Lawwali ya dafa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya shiga ɗakin Gwaggo ya ɗauki Salmatu, abin da ba ya yi a gaban manya.

"In je Katsina in sayo sabuwa a kanti?" ya tambaye ni a hankali.

"Sayo, amma sai na gama wanka. Kuma ba a bangon nan ba."

Gwaggo ta ƙara icce a ƙarƙashin garwa, ta ce in tashi, ruwa ya yi.