Kujera a Tsallaken Titi

"Daga wane gefen titin kuke kira?" in ji matar da ta ɗaga wayar gaggawa.

Ina tsaye a ƙofar shagona na wanki da guga. Maƙwabcina Baba Mai Agogo yana kwance a ƙofar gidansa a tsallake, matarsa Goggo tana yi masa fifita da mayafi.

"Baiwar Allah, mutum ne ya yanke jiki ya faɗi."

"Na ji, Malam. Amma in gefen gabas ne ba namu ba ne, sai dai in tura ka hedkwata."

Na riga na san tambayar nan, Baba ne ya koya mini ita. Tun farkon damina ya tsiri kinkimo kujerarsa kullum da safe, ya ajiye a ƙofata. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Me zai sa dattijo ya bar inuwar gidansa ya zo yana shan zafin gawayin guga?

"Baba, ko Goggo ce ta koro ka?"

"Ita? Da za ta iya, ai tun ina da haƙora za ta yi."

Sai da na ishe shi sannan ya faɗa mini. Ashe titinmu shi ne iyakar ƙananan hukumomi biyu. Gefena, na yamma, akwai ofishin amsa kira da motar asibiti. Gefensa an rufe nasu, kansiloli na ta muhawara: a haɗe da namu ne, ko a sake buɗewa, kuma wa zai biya albashi da man mota. Kafin su gama, kiran mutanen gabas can hedkwata yake zuwa, mota ta taso daga uwa duniya.

Har zauren taron ya je, ya zauna a bencin baya.

"To me suka yanke?"

"Sun kai la'asar a kan sunan wace hukuma za a rubuta a jikin motar." Ya dafa ƙirjinsa. "Likita ya ce zuciyar nan tana tsallake bugu. In za ta tsaya, gara ta tsaya a gefenka."

Na yi dariya a lokacin. Ranar da abin ya faru kuwa wani ya kawo gyaran agogo, Baba ya tsallaka gida ɗauko tabarau, bai dawo ba.

"Malam, kana jina? Gabas ko yamma?" in ji matar a waya.

"Kada ki kashe, don Allah."

Na ƙwala wa mai kantin da ke kusa da ni kira. Muka ruga da kujerar, muka ɗora Baba a kai, muka tsallako da shi, Goggo na biye da takalmansa a hannu. Ban taɓa jin faɗin titin nan ba sai ranar.

"Yamma muke," na ce ina haki.

 Ina jin matar ta gane abin da muka yi.

"Ga motar nan zuwa," ta ce.

Motar ba ta daɗe ba, amma kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Na yi kuka sosai. Har yau ina tambayar kaina, da a kujerarsa abin ya same shi, da ya tashi? Na tambayi direban motar, ya ce Allah ne masani.

Kansiloli sun ɗage zamansu zuwa wata mai zuwa.

Bayan Goggo ta fita takaba na ɗauki kujerar na kai mata. Washegari da safe ina hura gawayi sai na hango ta tana jan kujerar, tana duba dama da hagu.

"Goggo, lafiya?"

"Hawan jini ne, ɗana. Matsa mini kwandon nan."

Na matsar. Ta zauna tana fuskantar ƙofar gidanta, ta ciro tabaran Baba tana goge su da gefen mayafi.