Yadda Jomon Ya Kaɗa Kai

Wata goma sha huɗu mijina Jomon ya yi yana zagaye falonmu a Tullamore, nan ƙasar Turawa, saboda lambar nan ta uku da aka buga a katin izinin zamansa. Ni na zo da takardar aiki, ina kula da tsofaffi a wani gida. Shi kuwa biyo ni ya yi, kuma a lokacin mai lamba uku ba ya aiki. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana waldar jiragen ruwa a Kochi, can ƙasarmu, ya koma kwance hitar ɗumama ɗaki da ba ta lalace ba, yana sake ɗaura ta. Romon kifi sau biyu a rana yake dafawa. Tagarmu ta sha goga har na ji tausayinta.

Ranar da ya sauko da akwatinsa daga kan kwaba na san abin ya wuce wasa.

"Ancy, ƙarshen Yuni zan koma gida. Ke ki zauna."

"Ichaya," na ce, yadda muke kiran miji a garinmu, "aure ne ko haya, da za ka sa masa ranar tashi?"

"Maigadin firiji kike aure, ba miji ba."

Na ji haushi, na kuma ji tsoro, don Jomon ba ya faɗin abu sau biyu.

A watan Mayu aka sauya dokar. Masu lamba uku irinsa za su iya aiki, sai dai su haɗa tsohon katin da wata wasiƙar hukuma. Na buga kwafi huɗu. Ya goge riga, ya tafi wani shagon walda a bayan gari, wajen wani Fergal da ke neman ma'aikaci.

Na dawo da la'asar na tarar da shi yana ninke kaya cikin akwatin.

"Bai ɗauke ka ba?"

"Ya gwada ni, ya shafa ɗinkin ƙarfen, har da fito. Sai ya juya katin, ya ga uku."

"Ba ka nuna masa wasiƙar ba?"

"Na nuna. Ya ce, wato da wannan an yarje maka ka yi aiki? Na amsa masa. Ya ce zan iya farawa Litinin? Na sake amsa masa. Kawai sai ya miƙo min katina, wai ya ji takaici, in dawo idan takarduna sun daidaita."

Na ajiye jaka. "Da baki ka amsa?"

Ya dube ni, ya kaɗa kai daga wannan kafaɗa zuwa waccan, yadda kowa ke cewa "e" a garinmu tun daga liman har direban bas.

Mutanen nan in ka kaɗa musu kai haka, "a'a" suke gani. A makona na farko wata tsohuwa ta tambaye ni ko 'yarta za ta zo, na kaɗa mata kai, ta wuni tana kuka. Daga ranar na tsaya gaban madubin banɗaki ina horar da wuyana, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har ya saba. Shekara uku ke nan. Na koya wa Jomon inda ake sayen garin shinkafa da ranar fitar da shara, amma wannan ban taɓa faɗa masa ba. Da wa yake magana da zai buƙace shi?

Washegari na ja shi muka koma. Na yi wa Fergal bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira sauran ma'aikatansa ya kwaikwaya musu.

"Litinin, ƙarfe takwas," ya ce. "Amma ki bar min lambarki, ko zan buƙaci tafinta."

Kowa ya yi dariya ban da Jomon.

Ya ƙi mu jira bas, muka tako a ƙafa ta bakin ruwa, yana gaba ina binsa da sauri. Ni murna nake yi, na ma fara lissafin abincin da zan riƙa ɗaura masa.

"Biza ke, gida ke," ya ce bai waiwayo ba. "Yanzu ko 'e' ɗina sai kin je kin faɗa min."

"Kuskure ne, Ichaya, ya wuce."

Da muka shiga gida akwatin na nan a buɗe a kan gado, rabinsa cike. Ya tsaya a kansa, ya ɗauki riga, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ka faɗa min gaskiya," na ce. "Za ka zauna?"

Ya juyo ya kaɗa kai a hankali.

Na tsaya ina kallon wuyan mutumin da na aura shekara tara. Wallahi ban gane ba ko "e" ɗin garinmu ne ko "a'a" ɗin mutanen nan, kuma na ji kunyar in tambaye shi.