Roba Ce Kawai

Shekara goma sha tara ina aikin wayarin ɗin lantarki, amma sai a ofishin likitar yara aka zaunar da ni aka yi mini darasin waya.

'Yarmu ta zo duniya ba kuka. Cibiya ce ta naɗe mata wuya, aka yi minti tara ana hura mata iska kafin ta ja numfashi. Yanzu watanta bakwai, wuya bai tsaya ba, hannu bai taɓa riƙe komai ba.

Likitar ta buɗe hoton ƙwaƙwalwar, ta tambayi sana'ata. Da na sani da na ce tela ne.

"To kai za ka gane," in ji ta. "Jijiyoyin ƙwaƙwalwa wayoyi ne. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu yi musu hidima, su ciyar da su, su naɗe su kamar robar waya. A jariri ba su yi ƙwari ba. Da iska ta yanke, da yawansu suka mutu. Wayoyin suna nan, amma tsirara."

"Ba su tsinke ba ke nan?"

"Ba duka ba."

"To a sake naɗewa mana, Likita."

Ta gyara takardun da ba su karkace ba. "Za mu yi ta yi mata gashin ƙashi, jikinta zai iya gyara kaɗan. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Na ji haushinta, don ta iya bayani. Na san wayar da aka binne cikin bango ba bututu. Babu mai naɗe ta sai ya rushe ɗakin.

Matata tana kan benci a waje da yarinyar a cinya. "Injiniya, me ta ce?"

Bakina ya riga hankalina. "Wayar ba ta tsinke ba, roba ce."

Sau ɗari ta ji ina gaya wa masu gida haka: roba ce kawai, aikin minti biyar. Ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun tana da ciki. Kafin mu kai bakin titi ta kira mahaifiyarta. "Inna, ashe roba ce kawai!" Ni kuwa ina gefe riƙe da jakar magani, na tsani kaina, kuma ban gyara maganar ba.

Da muka isa gida ta kwantar da yarinyar a tabarma, ta zuge jakar aikina, ta ciro baƙin salatif ɗin naɗe waya.

"Ungo, riƙe wa Babanki kayan aiki," ta ce, ta buɗe 'yan yatsun yarinyar, ta sa shi a ciki.

Salatif ɗin ya zame, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta durƙusa ta lalubo shi, ta goge ƙurar da zaninta, ta sake sa mata. Ya sake faɗuwa. A karo na uku ba ta ɗauko ba. Ni ta kalla.