Mikiyar Hannun Zenas

Takardar kariyar yayana Zenas ni na fara karanta ta, tun tawada ba ta gama bushewa ba. A garinmu Tilden, duk namijin da zai hau teku sai ya je gaban magatakarda Pettingill ya tuɓe riga, a auna tsayinsa, a dudduba jikinsa kamar dokin da za a saya, a rubuta duk tabon da aka gani, a buga hatimi. Idan jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku yana neman mutanen Sarkin Ingila da suka gudu daga aiki, wannan takarda ce shaidar cewa shi Ba'amurke ne.

Ta Zenas gajera ce. Ƙafa biyar da inci takwas, jan gashi, tabo a haɓa, babu wata alama a hannu ko a baya.

A tafiyarsa ta biyu ya dawo yana ta murmushi. Muna cin wake da naman alade ya naɗe hannun riga ya ɗora damtsensa a kan tebur. Mikiya ce, an zana ta da allura da garin albarushi, ta buɗe fukafukai, taurari sun kewaye kanta.

Inna ta ajiye cokali. "Fatar da na raina shekara ashirin da biyu ka kai wa wani mashayi ya yi maka zane?"

"Inna, tsuntsuwar ƙasarmu ce fa. Yanzu ko makaho ya gan ni ya san ɗan ina ne."

"Tsuntsuwar ƙasa? Ni dai agwagwa nake gani wadda keken doki ya taka."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa hankalina ya koma kan layin ƙarshe na takardar. Na ce a hankali, "Yaya, takardarka ta ce babu alama a hannu."

"Me Shiru-shiru ta ce? Ɗaga murya, Keziya, ba a coci muke ba."

Na maimaita. Ya ce jirgi zai tashi jibi da cikar ruwa, Pettingill kuma sai ya shanya mutum yini guda kafin ya tsoma alƙalami a tawada. In ya dawo zai sake takardar. Ya ja mini kunne ya ci gaba da cin wakensa. Tun ina ƙarama, in aka yi mini dariya sau ɗaya maganar ta mutu ke nan.

A bazarar 1811 jirginsu ya dawo babu shi. Abokinsa Asahel Doane ne ya zo gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Asahel mutum ne da ko a wurin jana'iza sai ya sa an ƙunshe dariya, amma ranar bakinsa ya bushe.

Ya ce, "Inna, harbi ɗaya suka yi ta gabanmu muka tsaya. Wani hafsa mai jan hanci ya hau, ya jera mu. Ya karanta takardar Zenas, ya ce a naɗe hannu. Sai ya ce, 'Takarda ta ce babu alama. Wannan kazar fa?' Zenas ya ce, 'Mikiya ce, yallaɓai, ta ƙasarmu.' Hafsan ya ce, 'To takardar wani ce ka saya. Kai da kazar taka kun shiga aikin Sarki.'"

Inna ta ce, "Kyaftin ɗinku fa? Yana ina?"

"Yana tsaye. Da ya ga ba su taɓa gangunan kifi ba, har hula ya ɗaga musu."

Washegari na tafi wurin Pettingill. Ya ce hanya ɗaya ce: a tara shaidu a aika Washington, daga can a tura wa wakilinmu a London, shi kuma ya roƙi masu jiragen Sarki. Roƙo ne kalmar da ya faɗa. Shekara ashirin da takwas da gama yaƙin 'yanci, inda kakana ya bar ƙafarsa, muna roƙon a ba mu mutuminmu.

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ƙwanƙwasa ƙofofin mutane. Fasto ya kwafo mini ranar da aka yi wa Zenas baftisma. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta dangwala hannu. Asahel da wasu 'yan jirgi biyu suka rantse a kan Littafi Mai Tsarki cewa Zenas Thaxter na Tilden yana da mikiya a damtsen dama. Ni kuma na zauna na zana ta, gashi bayan gashi, har da fiffiken hagu da ya karkace. Na yi kwafi biyu. Na ce a raina wannan karon ba za a bar komai a baya ba.

Wata goma muna jira. Amsa ta zo a watan Afrilu na 1812, layi huɗu. An duba mutumin da ake magana, babu mikiya a hannunsa, sai tabon ƙuna. Siffa ba ta dace ba, saboda haka ba za a sake shi ba.

Bayan mako biyu wasiƙarsa ta iso, ta yi wata bakwai tana yawo daga aljihu zuwa aljihu. Da fensir ya rubuta.

"Shiru-shiru, kin fi ni gaskiya. Na gyara kuskurena. Mai dafa mana abinci ya ɗora ƙarfe a wuta ya share mini tsuntsuwar. In ya warke zan sake nuna musu takardata. Ki ce wa Inna agwagwarta ta tashi."

Na karanta wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta fita bayan gida ta ɗauki gatari, ta faskare itacen da ya ishe mu wata guda.

A watan Yuni aka shelanta yaƙi da Ingila. Kanar Wadleigh, babban ɗan siyasar yankinmu, ya turo a ara masa kwafin zanena. Na ɗauka wani sabon ƙoƙari za a yi. Ranar taro sai ga mikiyar Zenas a kan tuta mai faɗin zanin gado, an miƙe mata fiffiken da ya karkace.

Wadleigh ya hau kan ganga a bakin tashar jiragen ruwa. "Jama'a! Saboda 'ya'yanmu da ake sacewa a teku muka ɗauki makami! Saboda ɗan garin nan, Silas Thaxter!"

Inna ta ɗaga murya daga tsakiyar taro. "Zenas! Sunansa Zenas, mai tumbin banza!"

Aka kwashe da dariya, ya yi kamar bai ji ba. Sau ɗaya ɗin nan ya ambaci yayana. Sauran awa guda a kan Kanada, wadda ke hannun Ingila, ya ƙare ta, wai tafiyar 'yan kwanaki ce a karɓe ta, da kuma filayen yamma, wai Ingila ce ke ba ƙabilun can bindiga suna hana mu noma ƙasar da su suke zaune a kai tun kafin a san da mu. Kowa a Tilden ya san Kanar yana da rabo a filayen can.

Su Pettingill, masu adawa da yaƙin, ba su fi shi ba. Na je tambayarsa ko akwai sauran hanya, ya ce, "'Yata, an rufe ƙofa. Babu wasiƙa, babu wakili. Da an bar mu da cinikinmu, kama 'yan jirgi kaɗan a shekara ai abin haƙuri ne." Na tsaya ina kallon tawadar da ta ɓata masa yatsa.

Yaƙin da aka ce don Zenas ake yi shi ne ya toshe hanya ɗaya tilo da nake da ita zuwa gare shi.

Shekara biyu da rabi. Jiragen Ingila suka tsare bakin teku, namu suka ruɓe a ɗaure, ciyawa ta tsiro tsakanin katakan tasha. Ni da Inna muka rayu da ɗinkin riguna da dankalin bayan gida. Asahel ya shiga soja, ya ce zai je ya karɓo Kanada ya musanya ta da Zenas. Zazzaɓi ya kashe shi a wani sansani a bakin iyaka, bai ga Kanada ba. Muka ji an ƙona fadar gwamnati a Washington, inda na tabbata takarduna suna cikin wani akwati. Sau ɗaya muka sami labarin Zenas, daga bakin wani fursuna da aka yi musaya da shi. Ya ce ranar da labarin yaƙi ya isa jirginsu, Zenas ya ƙi taɓa igwa, ya ce ba zai harbi 'yan ƙasarsa ba. Aka ɗaure shi aka yi masa bulala, sannan aka kai shi kurkuku a Ingila a matsayin fursunan yaƙi na Amurka.

Inna ta ce, "Au! Yanzu sun yarda Ba'amurke ne? Da za a sake shi ba su gane shi ba, da za a kulle shi sun gane?"

A watan Fabrairu na 1815 ƙararrawar coci ta kama kaɗawa da tsakar rana. An yi sulhu. Mutane suka fito cikin dusar ƙanƙara suna rungumar juna, Wadleigh ya fasa gangar giya, aka sake fito da tutar mikiya. Ni jarida na jira. Da ta zo na shimfiɗa ta a kan tebur, na bi yarjejeniyar da yatsa, sashe goma sha ɗaya, sau biyu. Iyakoki, tsibirai, fursunoni. Kowa ya koma inda yake kafin yaƙi. Game da kama 'yan jirgi a teku, ko kalma ɗaya babu.

Inna ta ce, "Karanta mini inda suka ce ba za su ƙara ba."

"Babu, Inna."

"Juya bayan takardar."

"Tallan gishiri ne a baya."

Zenas ya dawo a watan Agusta. Na wuce shi a tasha ban gane shi ba, sai da ya ce, "Shiru-shiru, ke ma sai kin ga takarda?" Haƙoransa na gaba sun zube, jan gashin ya yi fari a gefe. A damtsensa na dama akwai tabo mai sheƙi, faɗin tafin hannu, ƙafar mikiya ɗaya ta leƙo daga ƙasansa.

Bai cika wata biyu a gida ba ya ce zai koma teku. Babu wani aiki a Tilden, shi ma bai iya wani ba. Kuma har yanzu ba a hawa jirgi sai da takardar kariya. Na ce zan raka shi.

Pettingill ya tsufa, amma teburinsa na nan yadda yake. Ya ce, "Al'ada ce kawai yanzu. Mutanen Ingila sun gama yaƙinsu da Faransa, ba su da bukatar mutane."

Zenas ya ce, "In sun sake bukata fa, yallaɓai?"

Pettingill ya ce a tuɓe riga. Zenas ya tuɓe, ya juya. Sai a ranar na ga bayansa da kyau, a hasken taga. Layi ne a kan layi, daga kafaɗa har ƙugu.

Pettingill ya kawar da kai, ya yi sauri ya rubuta: tabo a haɓa, tabo a hannu, 'yan tabbai a baya. Ya miƙa hannu ga hatimi.

Na ɗora tafina a kan takardar.

"Ba a gama ba," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata. "Ka rubuta tabon ƙuna a damtsen dama, da ƙafar tsuntsu a ƙarƙashinsa. Ka rubuta haƙora huɗu da suka zube. Bayan kuma ba 'yan tabbai ba ne. Ka ƙirga."

"'Yata, babu fili."

"Akwai bayan takardar."

"Wa ya taɓa ƙirga irin wannan?"

"Hafsan da zai tare shi zai ƙirga. In ka rubuta talatin ya ga talatin da ɗaya, ɗauke shi zai yi. Ka tashi ka ƙirga, ko ni in ƙirga ka rubuta."

Zenas ya waiwayo yana kallona baki buɗe. "Ikon Allah. Yallaɓai, ka bi ta a hankali, shekara biyar take tara wannan."

Ni na ƙirga, da yatsana a kan fatarsa, da ƙarfi yadda mutanen da ke jira a waje za su ji. Talatin da shida. Pettingill ya juya takardar ya rubuta. Na ce ya ƙara da cewa bulalar jirgin Ingila ce, a kan ya ƙi harbin 'yan ƙasarsa.

Nan ya ajiye alƙalami. "Wannan kam a'a. An yi sulhu. Takarda tana faɗin tabo ne, ba ta faɗin wanda ya yi shi."

Ya buga hatimi.

A gida na kwafe takardar gaba da baya a cikin Littafi Mai Tsarki na Inna, a shafin da ake rubuta haihuwa da mutuwa. A ƙarƙashi na ƙara layin da Pettingill ya ƙi rubutawa, da sunan Asahel Doane.

Ranar da jirgi zai tashi na bi Zenas har bakin tasha. Na ce, "Ko da reza ka yanke wurin aski, ka dawo a sake takarda."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Bai yi dariya ba. Ya taɓa aljihun ƙirjinsa inda takardar take, ya hau.