Ɗigon Jan Farce a Cikin Firinta

"Sau nawa ya zo gyaranta makon nan?" Klaudiya ta tambaya, idonta a kan firintar da ke ƙyafta koriyar wuta ba ta fitar da komai ba.

"Kullum," in ji Ummusalma. "Ba ya gajiya, bawan Allah."

"Kullum gyara, kullum ciwo? Wannan likita ne ko shi ne cutar?"

Ummusalma ta yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Shagon buga takardun nata ne, a unguwar Ali Kazaure da ke Jos. Klaudiya ƙawarta ce tun makaranta, ta taso daga unguwar Rayfield a buga mata katin bikin ƙanwarta. Mai gyaran kuwa Musaddiq ne, wanda Ummusalma ke ɗokin jin sallamarsa kullum, ko da yake bai taɓa zuwa gaban mahaifinta, Malam Datti, neman izinin zance ba.

"Yayana Chuwang aikinsa ke nan," in ji Klaudiya. "Ya ce irin wannan firintar ba ta soma zana shafi sai ƙwaƙwalwarta ta gama haɗa shi, don gangar ciki in ta fara juyawa ba ta jira. In ƙwaƙwalwar raunanniya ce, rubutu zai wuce, hoto ya shaƙe ta. Da can haka take?"

Da can buga hoto kamar shan ruwa ne a wajenta. Nawar ta soma ne ranar da Musaddiq ya ɗauke ta ya share mata ƙura.

Ummusalma ta tuna wani abu. Mahaifinta ya koya mata: kafin ki ba mai gyara injinki, ki ɗiga jan farce a kayan ciki. Ta kuwa ɗiga tun kafin Musaddiq ya ɗauki firintar, a kusurwar allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar. Ta kwance murfin gefe, ta haska da wayarta. Allon fes. Babu ɗigo.

Sai ga sallamar Musaddiq, ya ajiye mata robar nonon shanu ɗan garin Vom a kan tebur.

"Ranki ya daɗe, yau ma ta yi gardama?"

"Oga injiniya," in ji Klaudiya, "zo ka ga abin mamaki."

Ya dubi buɗaɗɗen murfin, murmushinsa ya bushe.

"Ina allona, Musaddiq?"

"Yana nan... lafiya lau. Ummu, in injin nan ya warke, da wane dalili zan riƙa zuwa?"

Maganar ta shige ta kamar sanyin Jos, mai daɗi, mai kama ƙashi. Ta so ta yarda. Amma wanda ya sayar da allon ma abin da zai faɗa ke nan, da wannan muryar, da waɗannan idanun.

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta tura masa robar nonon da ya kawo.

"Kafin la'asar ka dawo min da allona, da ɗigonsa. In ya dawo, ka tafi wajen Baba ka nemi izini kamar kowa. In bai dawo ba, Chuwang zan kira, kai kuma kada ka ƙara taka shagon nan."